Ko Daidai Ne Mutum Ya Ɗaure Hannun Jikokinsa?

A bakin tekun Texas ta Amurka, waɗansu masu filaye suna sa hannu a yarjejeniya cewa har abada ba za a cike fadamarsu a yi gini ba, ko an sayar, ko an gāda. Suna yin haka domin wani farin gauraka mai zuwa daga Kanada lokacin sanyi, yana cin ƙaguwa a wurin. A 1941 ba su kai 25 ba, yanzu sun wuce 500.

Ɗan'uwa, za ka ce an tauye haƙƙin magāda. Gaskiya ne, kuɗin filin yakan ragu. Amma wanda ya cike fadama, shi ma ya yanke wa jikokinsa hukunci, nasa kuwa ba ya warwaruwa. Ƙasa amana ce, mai riƙon amana kuwa ba ya mayar da ita a lalace.