Shin Ana Yi Wa Na'ura Hukunci?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, jama'a masu karatu, mukan ji an ce an toshe kwamfuta kaza ko an rufe layi kaza saboda ɓarnar da aka yi da shi a intanet. To, wa aka hukunta ke nan?

Hukunci ba ya hawa sai kan mukallafi, watau baligi mai hankali. Na'ura ba ta da hankali, ba ta da niyya, ba ta jin zafin bulala. Abin da ya fi kusa da ita a fiƙihu shi ne dabba, kuma mutumin Wasagu ba ya bukatar dogon bayani kan shari'ar shanu da gona. A Risala ta Ibn Abi Zaid, shukar da dabbobi suka ɓata da dare ramuwarta tana kan masu su, ɓarnar rana kuwa ba ta kansu. Haka nan mahayi da mai ja da mai kora su ke lamunin abin da dabba ta tattake. Ba mu taɓa jin alƙali ya ɗaure sa ba. Mai korarsa ake nema.

Kotun Ingila ma haka ta bi. A 2016 wani Bature, Daniel Kaye, ya mallake dubban na'urorin mutane ta intanet ba da saninsu ba, ya kora su kan kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya har intanet ya durƙushe a ƙasar. A 2019 aka ɗaure shi wata 32. Wannan ɓarawon shanu ne da ya tura garken wani cikin gona. Sai dai a ganina, wanda ya bar na'urarsa ba kalmar sirri mai ƙarfi yana da rabonsa na sakaci, kamar mai barin turke a kwance da dare.

Inda abin ya fi nauyi shi ne nan maƙwabtanmu. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya, sannan wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, domin a raba 'yan bindiga da masu kai musu labari. Wanda ya san abin da ƙasar Zuru ta gani a hannun mutanen nan ba zai raina wannan dalili ba. Amma turakun sadarwa ba su ji komai ba. Ɗan kasuwa ne ya ji, da mai majinyaci, da ƙauyen da ya rasa hanyar neman agaji, alhali aya ta 164 ta Suratul An'am ta kore ɗora wa rai laifin wani.

Saboda haka kada a kira wannan mataki hukunci. Lalura ce, ita kuwa lalura malamai sun ce gwargwadonta ake ɗauka. Wajibi ne hukuma ta yanka mata wa'adi, ta taƙaita ta ga yankin da ɓarnar take, ta kuma duba asarar waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.