Rumbu da zuciya: ina son duniya yake zaune?

Da kaka, in an ɗaure damma an cika rumbuna a garuruwan Arewa, daga Matankari zuwa Tibiri, wa'azi ma kan samu kasuwa. Malami ya zauna ƙofar masallaci bayan lisha, ya ja kunnen jama'a game da duniya: mayaudariya ce, ba ta da amana, wanda ya riƙe ta da hannu biyu ita za ta kayar da shi. Amma wanda ya dubi masu sauraron da kyau zai ga cewa mafi yawansu duniyar da suka mallaka ba ta wuce gona guda, da jaki, da hatsin da ba lalle ya kai su wata kaka ba. To, wace duniya ce ake ce musu su saki? Tambayar ba raini ba ce ga malamai, domin littattafan da suke karantarwa sun riga kowa yin ta.

Imam Gazali, wanda ya bar kujerarsa ta koyarwa a Bagadaza a 1095 yana tsakiyar ɗaukaka, ya keɓe babi guda cikin Ihya'u Ulumiddini don zargin duniya. Bai zargi abinci ko sutura ko ɗakin kwana ba. Ya kwatanta jiki da raƙumin mai tafiya hajji: tilas a ba shi ci da sha, in ba haka ba tafiya ta tsaya, wautar ita ce mutum ya shagala da yi wa raƙumin ado har ayari ya wuce ya bar shi a daji. A wannan fahimta, abin da ake kira duniya shi ne irin riƙon da zuciya ta yi wa kaya. Ƙaruna ma, a suratul Ƙasasi, bai halaka don yawan taskokinsa kawai ba. Ya halaka ne ranar da ya ɗauka cewa iliminsa da dabararsa suka ba shi, babu haƙƙin kowa a ciki.

In haka ne, ba wanda matsayinsa ya tsirar da shi, har da mai aikin addini. Tarihin Gwandu, wadda ba ta da nisa da iyakar Tibiri, ya nuna hakan. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar da ta nufi Alkalawa, ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. Ya faɗi dalilinsa daga baya cikin Tazyinul Waraƙati: mutanen kirki da yawa sun mutu a yaƙi, waɗanda suka saura kuwa hankalinsu ya koma ga mulki, da dawaki, da ƙwaraƙwarai, da tufafin ado. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo. Amma labarin bai ƙare nan ba. Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa Muhammadu Bello, Abdullahi ya ji zafin abin, aka yi shekaru ba sa jituwa, sai da suka haɗu a yaƙin Kalambaina suka shirya. Ba a kawo wannan don rage darajar malamin ba. Mutumin da ya fi kowa ganin cutar a jikin wasu, shi ma sai da ya yi kokawa da wani abu mai kama da ita, kuma girmansa yana cikin yadda kokawar ta ƙare.

Arewa ta ga irin son duniyar da ba ya ɓuya. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta faɗa wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, ta wuce ta yi ɓarnar Birnin Ƙonni. A watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da shi, ya ce zai kafa daular kansa. Kwana kaɗan bayan haka sojojinsa suka kashe shi, kabarinsa yana Maijirgi. Irin wannan misali yana da daɗin kawowa cikin aji, sai dai ba ya koyar da abu mai yawa, domin ba ɗalibin da zai ga kansa a cikin Voulet.

Wanda ya fi wuya shi ne na cikin gida. A shekarun 1990, lokacin da wa'azin Izala ya yi ƙarfi a Dogon Dutsi, cikin manyan abubuwan da aka sa gaba akwai almubazzarancin biki: gara, da kayan ɗaki, da jeren kwanoni har rufi, da kuɗin da ake watsa wa maroƙa. Masu wa'azin suna da hujja. Uwa kan ci bashin da za ta shekara biyu tana biya don kada a yi wa ɗiyarta gori, saurayi kuma ya kasa aure saboda tsada. Wannan son a gani ne, kuma yana cikin abin da malaman da suka kira son duniya.

Sai dai ɗayan ɓangaren ma bai rasa abin faɗi ba. Tsofaffi suka ce: wanda ya daina ba dangi, ya kori maroƙi, ya taƙaita suna ga dabino da addu'a, kuɗin da ya rage ina suka tafi? In sun tafi ga maraya da makaranta, madalla. In kuwa sun koma cikin jari ne, to an sauya wa rowa suna kawai. Biki, duk da ɓarnarsa, hanya ce da dukiya ke bi ta fita daga gida guda ta shiga gidaje goma. Kwanonin da ake zagi kuma su ne ajiyar mace, su take sayarwa ɗaya bayan ɗaya in rumbun miji ya ƙare. Mutum biyu na iya sa riga iri ɗaya marar ado, ɗaya don ya ƙoshi da duniya, ɗaya don yana ƙirga abin da adon zai ci. Daga waje ba a rarrabe su.

Shari'a, da yake ba ta shiga zuciya, sai ta kafa ma'auni a inda ido ke gani. Ta ɗora wa manomin da ya kai nisabi ushirin abin da ruwan sama ya shayar, dami ɗaya cikin goma. Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo cewa Halifa Umar ya hana masu rarar kuɗi su kwashe abincin kasuwa su ɓoye, amma ya bar fataken da ya sha rana da sanyi ya kawo kaya daga nesa ya sayar yadda ya so. Ba riba aka hana ba ke nan. An hana ribar da ba ta samuwa sai maƙwabci ya ji yunwa.

Nijar ta ga amfanin wannan bambanci a 2005. Bayan fari da fara na 2004, hatsi bai ɓace daga kasuwanni ba. Farashinsa ne ya hau har ya gagari talaka, aka sayar da bisashe a wulaƙance don tiya kaɗan. Dalilan suna da yawa, wasu daga kasuwannin Nijeriya suka taso, ba duka ne laifin ɗan kasuwa ba. Amma al'adar da ke ƙarƙashin abin tana nan kowace shekara: mai kuɗi ya sayi hatsi da kaka lokacin da manomi ke neman kuɗin bashi da na magani, ya rufe sito, ya jira watan Yuli ya sayar wa manomin nan hatsinsa. Sau da yawa mai siton mutum ne mai sauƙin sutura, ba ya biki, ba ya rasa sahun farko. Daren da malami ke zargin duniya a ƙofar masallaci yana nan kan tabarma kusa da manomin, mabuɗin siton na cikin aljihunsa, yana amsawa da "haka ne" tare da kowa.