Wa Zai Tsaya Wa Mamacin Da Ba Shi Da Magaji?

Ranar da muka kai wani dattijon Hausari makwancinsa a maƙabartar Gwange, ana cikin haƙa sai tsohon ƙashi ya fito. Ba wanda ya ce uffan. Mai haƙan ya tattara shi da hannu biyu, ya mayar gefen ramin, ya rufe. Ba mu san ko na waye ba, amma duk mun san haka ya kamata a yi.

Wannan ne ya tuna mini da Daima, wani tudun kufai da ke can wajen Ngala. A 1965 da 1966 wani Bature mai binciken kufai, Graham Connah na Jami'ar Ibadan, ya haƙa tudun har zurfin kusan mita 11. Ya tarar da gari a kan gari, mutane sun zauna wurin fiye da shekara 1000, suna binne matattunsu a cikin garin, a naɗe, wasu da adon tagulla. Gaskiya an ƙaru, domin da wannan aiki aka gane yadda ƙarfe da fatauci suka shigo ƙasar Tafkin Cadi. Ni ban ce aikin banza ba ne.

Abin da ya dame ni shi ne amsar da wani abokina ya ba ni da na tayar da maganar: "Ai waɗancan ba Musulmi ba ne, kuma ba su da kowa." To, a nan na tsaya. Malamanmu sun karantar da mu cewa gawar ɗan Adam tana da alfarma, ban kuma taɓa jin sun ce alfarmar tana ƙarewa idan dangi suka ƙare ba.

Mu kuwa ya kamata maganar ta fi taɓa mu. Kakanninmu baƙi ne, daga Kano da Katsina da Haɗeja suka zo, Yerwa kanta sai a 1907 aka kafa ta. Wa ya san inda jikokinmu za su kasance nan da shekara 500? Ranar nan mu ne marasa kowa.

Saboda haka idan ilimi ya bukaci a tono, a tono, amma a nemi yardar mutanen wurin, a auna abin da za a auna, sannan a mayar da bawan Allah ƙasa. Ajiye shi cikin kwali a sito, da lamba a goshinsa, shi ne abin da ban yarda da shi ba.