Ko Abin Da Doka Ta Ƙyale Ya Zama Adalci?

Dattawan ƙasar Daura ba su manta da zamanin haraji da jangali ba. Idan kaka ta yi, dagaci da masu unguwanni sukan bi gida gida, kowane baligi ya biya kuɗin kansa, Bafulatani kuma a ƙidaya masa shanu. Wanda ya rasa sai ya sayar da akuya ko hatsin da zai ci da iyalinsa. Wani kuwa ya kora garkensa cikin dare ya tsallaka iyaka. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke waɗannan kuɗaɗe a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura take cikinta a lokacin. Duk da haka, har yau mai rumfa a kasuwar Mai'aduwa yana biyan kuɗin tikiti, malamin makaranta kuma ana cire nasa kafin albashi ya shiga hannunsa. Talaka ba shi da wurin ɓuya.

Amma akwai wani mai dukiya wanda yake tsallaka iyaka ba tare da ya bar sawu ba, wato babban kamfani mai rassa a ƙasashe da yawa. Ga yadda abin yake. A ce kamfani ya sayi riɗi a nan, ya sayar wa reshensa da ke wani tsibiri inda ba a karɓar haraji, a kan farashi mai araha ƙwarai. Reshen kuma ya sayar a Turai da tsada. A takarda, reshen Nijeriya bai ci riba ba, saboda haka ba abin da zai biya. Wani lokaci kuma reshen na nan yakan biya ɗan'uwansa na waje kuɗin aron suna, ko ruwan bashin da ya ci a wurinsa, har ribar ta ƙare. Guminmu ne, hanyoyinmu ne motocinsa suka bi, amma ribar ta koma inda ba a noma ko ƙwaya ɗaya ba. A 2015 kwamitin da tsohon shugaban Afirka ta Kudu, Thabo Mbeki, ya jagoranta ya ƙiyasta cewa fiye da dala biliyan 50 ke sulalewa daga Afirka kowace shekara, mafi yawansu ta hanyar kasuwancin manyan kamfanoni.

To, 'yan'uwa, ga tambayar. Sau da yawa kamfanin yakan ce bai karya doka ba, kuma mai yiwuwa ne alƙali ya ba shi gaskiya. Shin wannan ya wanke shi?

Ikilisiya ta ce a'a. Dokar ɗan Adam bawan adalci ce, ba uwargijiyarsa ba. Sa'ad da aka gwada Ubangijinmu Yesu da zancen harajin Kaisar, bai sauke wa kowa wannan nauyi ba, ya dai tuna musu cewa akwai hakkin Allah a bisa na sarki. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 2409, ya sa zillewa biyan haraji a ƙarƙashin doka ta bakwai, wadda ta hana sata. A 2018 kuma fadar Paparoma ta fitar da takarda a kan sha'anin kuɗi, wadda ta yi tir da ɓoye riba a irin waɗannan tsibirai. Dalilin a fili yake: abin da babba ya ƙi biya, ƙarami ne yake biyansa, ko da kuɗi, ko da rashin magani a asibitin ƙauye, ko da ɗansa da ke karatu a ƙasa ba benci. Mutumin da yake ɗiban ruwa a rijiyar gari amma ya ɓuya ranar yasa, ko da sarki bai ci shi tara ba, kowa ya san sunansa.

Wani zai ce, ina amfanin biya, tun da ɓarayin gwamnati ne za su cinye? Wannan kuka yana da gaskiya a ciki, kuma Ikilisiya ba ta yi shiru a kan masu wawure baitulmali ba. Sai dai laifin wani ba ya halatta nawa. Maganin ɓarawon rumbu shi ne a kama shi, ba a daina noma ba.

Tun da yake ribar tana ƙetare iyaka, ƙasa ɗaya ba za ta iya tare ta ita kaɗai ba. A watan Oktoba na 2021 ƙasashe 136, a ƙarƙashin ƙungiyar OECD, suka amince cewa manyan kamfanoni su biya aƙalla kashi 15 cikin 100 na ribarsu a duk inda suka kai ta. Nijeriya ba ta sa hannu ba a lokacin, domin ta ga rabon ya fi karkata ga ƙasashe masu arziki. Ita ce kuma, a madadin ƙasashen Afirka, ta kai batun gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, inda a watan Nuwamba na 2023 ƙasashe 125 suka goyi bayan a tsara sabuwar yarjejeniya, 48 suka ƙi. Amurka ta janye daga tattaunawar a watan Fabrairu na 2025. Wannan ya nuna mana cewa haɗin kai kaɗai bai isa ba. Dole ne a ji muryar mai ƙaramin ƙarfi a wurin rabo, domin ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Mu kuma fa? Kada mu nuna yatsa ga na nesa mu manta da kanmu. Kirista ɗan kasuwa mai littafin lissafi biyu, da akanta mai gyara alƙaluma, da ma'aikacin haraji mai karɓar na goro, duk hanya ɗaya suka bi. Zakka mai karɓar haraji, ranar da Yesu ya shiga gidansa, bai fake da cewa dokar Roma ta ba shi dama ba. Ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace ninki huɗu. Bari mu biya abin da ke kanmu, mu kuma tambayi shugabanninmu, tare da maƙwabtanmu Musulmi, inda kuɗin ya tafi.

Allah ya ba masu mulki da masu dukiya zuciyar Zakka. Amin.