Kurkurar baki a alwala ta isar wa asuwaki?

Tambaya: Malam, ni mazaunin Dirin Daji ne a ƙaramar hukumar Sakaba. Ina kurkure baki a kowace alwala, amma haƙorina ya ruɓe. A asibiti aka ce ƙwayoyin cuta ne suka manne, ruwa ba ya cire su. Shin barin asuwaki ya taɓa alwalata?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Alwalarka ta inganta, ba sai ka rama salla ba. A mazhabar Malikiyya kurkurar baki sunna ce, asuwaki kuwa mustahabbi ne.

Sai dai maganar likita gaskiya ce. Akwai ƙwayar bakteriya mai suna Streptococcus mutans, wadda wani masani, Clarke, ya raɗa wa suna a 1924. Yawu yana shimfiɗa siririn rufi a kan haƙori, ita kuma a bayan jikinta akwai furotin da ke kama wannan rufin kamar yadda ƙarangiya ke kama bakin wando. Idan sukari ya shigo, na shayi ko rake ko alewa, sai ta ƙera wani danƙo da shi ta ƙara liƙewa, ta tara 'yan'uwanta, su riƙa fitar da tsami mai cin haƙori. Ko tukunyar tuwo, ai ɗauraya ba ta fitar da ƙanzo, sai an kankare. Raina yana sosuwa idan na ga mutum yana salla biyar amma ya yi sakaci da asuwaki, abin da Annabi (SAW) ya nuna cewa tsoron tsananta wa al'umma ne kaɗai ya hana shi wajabta shi a kowace salla, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira.

Reshen darbejiya ya wadatar, buroshi ma yana biyan buƙatar tsaftacewa. Mai azumi zai iya yin asuwaki duk yini da busasshen itace. Ɗanye makaruhi ne, man goge baki kuma a bar shi sai dare. Kada mutum biyu su yi tarayya a asuwaki ɗaya, domin ƙwayar tana bin yawu.

Ka koma asibiti a gyara haƙorin, neman magani halal ne. Wallahu a'alam.