Abin da Yaro Za Ya Zana

Ya ɗan'uwa sabon mai-bi, da kai mai neman sanin hanya, ka kasa kunne ga wannan magana, gama ta gidanka ce.

Wani mutum daga wani ƙauye na ƙasar Baure ya zo wurina da ɗansa mai shekara 9, yaron yana riƙe da farin kwali. Malaminsu ya umurci 'yan aji kowa ya zana al'adun gidansu da halayen kirki da aka koya masa, domin a manna a bango. Uban ya ce mini, "Malam, me yaron nan za ya zana? Ni na bar al'adun kakannina ran da aka yi mini baftisma." Na ce masa, "Yaushe rabonka da gaida tsohonka?" Ya sunkuyar da kai, ya ce damina biyu ke nan.

Wannan kuskure ya kama sababbin masu-bi da yawa. Gaskiya ne akwai abin da mai-bi za ya rabu da shi sarai: tsafi, da yanka domin iskoki, da dogara ga laya. Amma durƙusawa gaban uba ba tsafi ba ne. Cikin Fitowa sura 20, doka ta biyar cikin goma ita ce ta girmama uba da uwa, ba a kuwa sa mata sharaɗi cewa sai iyayen da addininku ɗaya ba. Cikin Markus sura 7 Ubangiji Yesu ya tsauta wa waɗanda su ke keɓe dukiyarsu da sunan Allah domin su tsere wa taimakon iyayensu. Shi kansa, sa'anda ya ke bisa giciye cikin azaba, bai manta da uwarsa ba, sai da ya danƙa ta ga almajirin da ya ke ƙauna, kamar yadda Yohanna sura 19 ya nuna. Ƙaƙa bawa za ya ƙi abin da Ubangijinsa ya yi?

Na san abin da yawancin 'yan ƙasar Daura za su zana: rijiyar Kusugu, da macijin da ya hana jan ruwa sai ran Jumma'a, da Bayajidda da wuƙarsa, da Sarauniya Daurama. Babu laifi. Labarin kakanni ne, ba mu ɗaukarsa daidai da Maganar Allah, masana tarihi ma suna gardama a kansa, amma rijiyar tana nan cikin gari har yau, yara kuwa sun san ta. Ni dai, da za a bi tawa, da an zana tsohuwar nan Ayana, wadda labarin ya ce ta sauki baƙo da dare ba ta san ko wanene ba. Kowa yana tuna mai wuƙa, ita kuwa ba ta da kome sai ɗaki, ta buɗe shi. Ibraniyawa sura 13 ta gargaɗe mu a kan karɓar baƙi; ashe kakanninmu sun riga sun san daɗin wannan hali, ko da shi ke ba su karanta ba.

Saboda haka ka bar yaronka ya zana zauren gidanku da tabarmar baƙo. Ya zana kansa a durƙushe yana gaida kakarsa da safe. Ya zana gayya a gonar gero, da akushin tuwo da a ke aika wa maƙwabci mara lafiya. Kadan kuwa kuna taruwa da maraice ku karanta Littafi Mai Tsarki ku yi addu'a, ya zana wannan ma a gefen sauran, ba a bisansu ba, kada kuma ya rubuta wata kalma ta raini ga 'yan ajinsa Musulmi, gama tare za su girma, rijiya ɗaya za su sha.

Amma ga gargaɗi. Kada ka karɓi alƙalamin daga hannunsa, kada kuma ka sa shi ya zana abin da idonsa bai taɓa gani ba. Kadan bai taɓa ganinka ka durƙusa ba, kai kuwa ka ce ya zana durƙusawa, ƙarya ka ke koya masa, za a kuwa manna ƙaryar a bango kowa ya gani.

Watakila za ka ce, "Ubana ne ya kore ni, ba ni na gudu ba." Na sani, wannan ciwo ne mai zafi, ba na kuwa raina shi. Duk da haka ka tafi. Ka tsaya a zaure, ka yi sallama, ka yi gaisuwa, kada ka tada gardamar addini, kada kuma ka yi musun Ubangijinka kadan an tambaye ka. Da kaka ka aika da damin gero. In an mayar maka da shi, baɗi ka sake aikawa.

Mutumin nan na Baure, na shawarce shi ya kai yaron wurin kakansa, ya tambayi sunayen iyayen gidansu domin a rubuta a ƙasan kwalin. Ya yi jinkiri mako guda, sa'annan ya tafi. Tsohon bai dubi ɗansa ba, bai kuwa amsa gaisuwarsa ba. Amma ya zaunar da jikansa kusa da shi, ya lissafta masa sunaye har kakanni huɗu, ya sa ya maimaita su sau biyu domin kada ya rubuta ba daidai ba. Da za su tafi, ya ce a kawo masa kwalin ya gani kafin a kai makaranta.