HAYAƘIN HANYA: ALHAKIN WANE NE?

Duk wanda ya san mararrabar Kalgo, inda hanyar Jega da ta Bunza suke haɗuwa su nufi Birnin Kebbi, ya san yadda manyan motoci da babura suke turnuƙe sama da hayaƙi. Masana sun tabbatar cewa kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar da ke tare zafin rana a sararin sama. Wannan zafi ne ke rikita damina, wata shekara fari, wata shekara ambaliya irin ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: ko adalci ne a ce wa ɗan kabu-kabun Gwandu ya rage hayaƙi? Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da abin da ya kai kashi 4 cikin 100 na wannan iska. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kimanin kashi 40 cikin 100 daga cikinsu zuwa Afirka. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuwa, talaka ya riga ya rage tafiya, ba da son ransa ba. Ashe ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi ba?

Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma Paparoma Francis ya nuna a wasiƙarsa ta Laudato Si' a 2015 cewa ƙasashe masu arziki suna da bashi a kansu game da wannan ɓarna. Amma girman laifin wani ba ya wanke ƙaramin laifinmu. Alhaki yana bin gwargwadon iko, kuma babu wanda ikonsa ya zama banza.

Mai iko da yawa, nauyinsa da yawa. Nijeriya ta yi alkawari a 2021 cewa za ta kai ga daina ƙara wannan iska nan da 2060. Hanya mai ramuka tana sa mota ta sha mai fiye da kima, saboda haka ɗan kwangilar da ya ci kuɗin kwalta ya cuci matafiya, ya cuci manoma. A 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, wadda za ta ratsa Kebbi. Haƙƙinmu ne mu nemi a maye gurbin kowane icen da aka sare dominta.

Mu kuma fa? Direba ya gyara injinsa, ya duba iskar tayarsa, ya kashe mota idan yana jiran fasinja a tasha. Iyalai masu zuwa kasuwa ɗaya ko coci ɗaya su haɗu a mota guda. Kada mu raina keke ko tafiyar ƙasa don gudun a ce mun talauce.

Littafin Farawa ya koya mana cewa an sa mutum cikin gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Manomin fadama wanda bai taɓa mallakar mota ba shi ne maƙwabcin da hayaƙinmu yake fara taɓawa. Allah ya ba mu zuciyar tunawa da shi. Amin.